Kuɗin APEE: Ina Suke Tafiya?

Mai sauraro, in ɗanka yana lise a Garwa, kuɗi kashi biyu kake biya a farkon shekarar karatu. Na gwamnati daban: sefa 7,500 a ƙananan azuzuwa, 10,000 a manya. Na ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, shi kuma a taron iyaye ake yanke shi. Da shi ake biyan malaman wucin gadi, ake gyaran benci. In asusun ya bushe, malamin lissafi ya kama gabansa, ɗan ajin BEPC shi zai sha wuya ranar jarrabawa.

To, ranar taron kana Adumri sayar da shanu, ko ka tsallaka Yola? Tura uwar yaron ko ƙanenka, a ji yadda aka kashe na bara, a kuma karɓo rasit.