Lambun Azhar: Jujin da Ya Zama Wurin Shan Iska a Birnin Alƙahira

A gabashin tsohon birnin Alƙahira, tsakanin unguwannin da ke kewaye da Masallacin Azhar da babbar maƙabartar nan da ake kira Ƙarafa, akwai wani tudu mai faɗin hekta 30, watau wajen eka 74. Wanda ya hau shi a yau zai tarar da ciyawa kore shar, da itatuwa dangin dabino a jere, da ruwa yana gudu cikin 'yan magudanai na dutse, da hanyoyin ƙafa da suka ratsa ko'ina. Sunan wurin Lambun Azhar, Larabawa kuwa suna ce masa Hadiƙatul Azhar. An buɗe shi a shekarar 2005. Abin da baƙo ba zai gane ba sai an gaya masa shi ne, tudun da yake takawa ba dutse ba ne irin Dala ko Gwauron Dutse. Juji ne, wanda mutanen birni suka yi shekara wajen 500 suna tarawa.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata a ɗan tsaya a kan sunan, domin kalmar lambu ba ta cika ma'anar ba. A Hausa lambu wurin noman rani ne, inda ake ban ruwa da jigo a shuka albasa da tumatir da latas, kuma mai shi ba ya murna da ganin 'yan yawo a ciki. Garka ma haka take. Dandali kuwa fili ne na wasa da taro, ba a san shi da shuka ba. Saboda haka ne in Bahaushe zai ambaci irin wannan wuri sai ya kewaya, ya ce wurin shaƙatawa ko wurin shan iska. Larabci yana da kalmomi da dama a nan: hadiƙa, da bustan, da janna. Asalin janna yana nufin abin da ya lulluɓe ko ya ɓuya, watau fili wanda inuwar itatuwa ta rufe shi, kuma daga tushe ɗaya ne aka sami sunan aljani, wanda ya ɓuya ga ido. Hausa ta ari kalmar tare da al ɗinta, ta ce aljanna, amma ta keɓe ta ga gidan lahira kaɗai. Bamisire kuwa har gobe yana kiran ɗan lambun unguwarsu ginena, watau 'yar ƙaramar janna.

Yadda jujin ya samu

Fatimiyyawa ne suka kafa Alƙahira a shekarar 969, a ƙarƙashin sarkin yaƙinsu Jauhar, suka kuma fara ginin Masallacin Azhar a 970. Bayan shekara ɗari biyu Salahuddini Ayyubi ya kawar da mulkinsu a 1171, sa'an nan a 1176 ya sa aka fara wata sabuwar ganuwa ta dutse, tare da babbar fada mai garu a kan tudu, wadda ake kira Ƙal'a. Sashen gabas na ganuwar nan shi ne iyakar gari, bayansa sai hamada da kaburbura.

Da zamani ya yi nisa, ganuwa ta daina amfani wajen tsaro, sai mutane suka mai da bayanta wurin zubar da shara. Toka da tsingaro da ƙasusuwa da ɓaraguzan gidajen da suka rushe, duk can ake kai su a kan jakuna. Yau da gobe, shara ta yi tsawo har ta haɗiye ganuwar kanta, ta zama jerin tuddai da ake kira Darrasa. Mutanen Darbul Ahmar, watau unguwar da ke jingine da ganuwa daga ciki, su ne suka fi shan wahalarta. In iska ta taso daga gabas, ƙura a kansu take sauka.

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a kan bunƙasar birnin da matsalolin da ta jawo. A nan ne Aga Khan na huɗu, shugaban Isma'iliyya, wanda ke danganta kansa da sarakunan Fatimiyya, ya yi alkawarin zai yi wa birnin kyautar lambu. (Ya rasu a 2025.) Bukatar kuwa a fili take. An ƙiyasta a wancan lokaci cewa in da za a raba korayen filayen birnin ga mazaunansa, kowa ba zai sami abin da ya wuce sawun ƙafa guda ba. Ko Lambun Azbakiyya, wanda Kidiwi Isma'ila ya ƙawata a ƙarni na 19, gine-gine da hanyoyi sun cinye yawancinsa. Da aka nemi fili a tsakiyar gari, ba a sami wanda ya kai jujin Darrasa girma ba, don shi kaɗai ne ba wanda ya yi sha'awar ginawa a kai.

Aiki bai fara da wuri ba. Hukumar ruwan sha ta riga ta zaɓi wurin don gina manyan tankuna uku, kowanne faɗinsa mita 80, tilas aka jira su. Da aka gama su sai aka lulluɓe su da ƙasa aka yi shuka a kai, har mai yawo yakan bi ta bisansu bai sani ba. Sa'an nan aka fuskanci jujin kansa. Ƙasarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar gini, ga ta da gishiri mai kashe tsiro. An motsa ƙasa da ɓaraguzai kimanin mita miliyan ɗaya da rabi a ma'aunin cika, abin da ya kai lodin tifa 80,000. Wata aka fitar da ita gaba ɗaya, wata aka gyara ta aka gauraya da yashi da ƙasar noma. Aka kafa wuraren renon tsiro don a gwada irin itatuwan da za su jure, daga bisani aka dasa tsirrai fiye da 650,000. Kuɗin da aka kashe ya kai dalar Amurka miliyan 30. Ruwan sama kuwa ba abin dogara ba ne a garin da ba ya samun fiye da wajen milimita 25 a shekara, don haka duk koren da ido ke gani a nan, da ruwan Nilu ake rayar da shi.

Ana cikin haƙa ne ganuwar Salahuddini ta bayyana. An tono wajen kilomita ɗaya da rabi nata, da hasumiyoyinta da ɗakunan 'yan baka da ƙofofinta, a wasu wurare daga ƙarƙashin shara mai zurfin mita 15. Abin mamaki, sharar da ta binne ta ita ce ta kare ta daga masu kwasar duwatsu su yi gini.

Abin da maziyarci ke gani

Babbar ƙofar shiga tana gabas, a kan titin Salah Salim, kuma sai an yanki tikiti. Daga shiga, hayaniyar motoci takan fara raguwa. Ƙashin bayan lambun wata doguwar hanya ce shimfiɗaɗɗa da duwatsu, itatuwa dama da hagu, ruwa yana bin tsakiyarta daga wannan kwarmi zuwa wancan. Masu tsarawa sun daidaita ta yadda mai tafiya kudu zai riƙa fuskantar Ƙal'a sak, kamar an rataye ta a ƙarshen hanya. Wannan tsari na ruwa mai gudu da fili mai kusurwa huɗu tsohon salo ne na lambunan Musulmi, daga Farisa har Andalus. A arewa akwai gidan abinci a kan tudu, wanda aka gina da bakuna irin na Fatimiyyawa. A kudu kuma akwai tafki, wanda ban da ado yana ajiye ruwan ban shuka.

Amma wanda ya tsaya a kan wannan babbar hanya kaɗai bai ga lambu ba. Daɗin wurin yana ga ƙananan hanyoyin da suka rabu da ita suka yi yamma, suna hawa suna sauka, suna karkacewa a jikin gangara mai tsayi har gindin ganuwa. Ba su da wuyar bi, tsoho ma yakan bi su in yana hutawa, sai dai hawan dawowa yakan sa haki. A ƙwanƙolin tudun da ke wannan gefe ne tsohon birni yake buɗewa gaba ɗaya a ƙarƙashin mai kallo.

Mai son ya fahimci abin da yake gani, gwamma ya fara daga hagu, watau kudu. Can ga Ƙal'a, wadda ta zama mazaunin masu mulkin Masar har ƙarni na 19. A cikinta ne Mansa Musa, sarkin Mali, ya gana da Sultan Nasiru Muhammadu a 1324, a kan hanyarsa ta zuwa hajji. Ƙubbobi da siraran hasumiyoyin da ke bisanta na Masallacin Muhammadu Ali ne, wanda aka fara a 1830 bisa salon Turkawa. Ko da yake shi ya fi ɗaukar ido, shi ne ƙarami a shekaru, kuma masana gini ba su cika fifita shi ba. Wanda suke fifitawa yana ƙasa da shi kaɗan, watau makarantar Sultan Hasan, wadda aka gina tsakanin 1356 da 1363, aka ba kowace mazhaba daga cikin huɗun nan sashenta, har da Malikiyya. In ido ya matso dama zai ga tagwayen hasumiyoyi a kan Ƙofar Zuwaila, wadda ke tsaye tun 1092. Daga nan sai Azhar, ana gane ta da hasumiya mai kai biyu da Sultan Guri ya gina. A cikin masallacin nan akwai ɓangarori da ake kira ruwaƙai, inda a dā ake saukar da ɗalibai bisa ga ƙasashensu, kuma ɗaya daga ciki na mutanen Barno ne. Har yau ɗalibai daga ƙasar Hausa suna karatu a jami'ar. Tsakanin waɗannan manyan gine-gine kuwa sai rufin gidaje birjik, da shanya, da akurkin tattabaru. Ba banza ba ake yi wa garin kirari da birni mai hasumiya dubu, kuma tun 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

In aka juya gabas, sai Ƙarafa, inda ƙubbar Sultan Ƙaitbai ta 1474 take, da tsaunin Muƙaɗɗam a bayanta. Wannan gefen ba kullum yake faranta rai ba, domin tun daga 2020 an rushe kaburbura da dama a maƙabartun birnin don a fitar da sababbin hanyoyi da gadoji.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci. Da rani, zafin tsakar rana ba ya barin kowa ya sake, hayaƙi da ƙura kuma sukan dushe nesa. Bayan la'asar ne wurin yake cika: iyali a kan ciyawa, yara suna guje-guje, ango da amarya sun zo ɗaukar hoto. Ranakun salla ba masaka tsinke. Haka ma ranar bikin bazara da ake kira Shammun Nasim, wanda ke faɗowa Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, Musulmi da Kirista kuma duk suna yinsa. Ma'anar sunan a Larabci shaƙar iska, kusan daidai da shan iska na Bahaushe.

Maƙwabtan lambu

Tambayar da ta fi nauyi ita ce, wa aka yi wa lambun? Da ganuwa ta fito, akwai masu ra'ayin a rushe gidajen talakawan da suka jingina da ita, don a bar ta fili ga masu yawon buɗe ido. Masu aikin suka ƙi wannan, suka zaɓi gyaran gidajen da mutanensu a ciki. Aka koya wa samarin Darbul Ahmar sassaƙar dutse da kafinta, aka ɗauke su aikin gyaran ganuwa, aka ba masu ƙananan sana'o'i rance. An kuma gyara wasu tsofaffin gine-ginen unguwar, kamar makarantar Ummu Sultan Sha'aban, da ginin Khairbak, da masallacin Aƙsunƙur da ake kira Shuɗin Masallaci. Wannan shi ne mafi kyawun abin da aikin ya haifar, ko da yake ba shi ne ake ɗauka a hoto ba.

Batun tikiti kuwa har yanzu abin muhawara ne. Hujjar masu kula da wurin ita ce, lambu a cikin hamada ba ya rayuwa sai da kuɗi: ga ban ruwa kullum, ga masu shara da masu gadi, kuma an ga yadda lambunan da ba su da kuɗin shiga suka lalace. Hujja ce mai ƙarfi. Amma magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda kakanninsa suka shaƙi ƙurar jujin nan, in ya lissafa kuɗin shigar iyalinsa duka, zuwa ba zai yiwu masa kowane mako ba. Ga shi kuwa shi ya fi kowa bukatar inuwar.

Wanda ya gangara har gindin ganuwa zai ga wata ƙofa da aka tono, mai suna Babul Mahruƙ, watau Ƙonanniyar Ƙofa. Ta sami sunan ne a 1254, sa'ad da Sultan Aibak ya kashe wani babban sarkin yaƙi mai suna Aƙtai. Mutanen Aƙtai suka nemi gudu da dare, suka tarar da ƙofa a kulle, suka cinna mata wuta suka fice. A nan ne lambu ya haɗu da lungunan Darbul Ahmar, inda ake jin ƙarar guduma daga shagunan kafintoci. In rana ta faɗi ana nan, kiran sallar magariba yakan taso daga masallatan unguwa ta kowace fuska, fitilu su kama a Ƙal'a, masu yara su fara naɗe shimfiɗunsu.