Tsohuwar Fijo Da Zaɓen Inji

Har yau akan ga Fijo 504 a titunan cikin birnin Kano, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Jiki daram, inji ya gaji. To, in mai ita ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, wanne zai saya?

Injin 505 mai lita biyu ya fi dacewa, domin danginsu ɗaya, yakan zauna ba da wahala ba. Na motar da ƙafafun gaba ke ja kuwa yawanci a gicciye yake, alhali 504 ƙafafun baya ke tura ta. Sai an sake giya da wayoyi, watakila kuɗin ya wuce darajar motar.

Kada ma'aikaci ya biya sai an tayar da injin a gabansa, ya duba hayaƙi. Ya kuma sa a gyara lambar inji a takardun motarsa.