Zauren da Aka Ɗaure Mutane, a Nan Aka Saurari Kukansu

Duk lokacin da muka ji a rediyo cewa wata majalisar dokoki ta yi Allah wadai da gwamnatin da ke tsare 'yan adawa, mukan ji sanyi a rai. To, amma mu mutanen zango a nan Gana muna da dalilin yin tambaya kafin mu yi tafi, domin karon farko da majalisar ƙasar nan ta kira sunan shugabanninmu a cikin doka, korarsu ta yi.

Abin ya faru a 1957, tutar 'yancin kai ba ta ko shekara ba. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba da umurnin a fitar da Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden daga ƙasa. Dukansu biyu jiga-jigai ne a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ba ta ga maciji da CPP mai mulki. Suka garzaya kotu, suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗa daga gidan ubansa. Shari'a na gaban alƙali sai majalisa ta zauna cikin watan Agusta ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu rak, ta yanke wa shari'ar hanzari, aka kai su Nijeriya.

Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya kamata ya shafa wa nasa ruwa, amma 'yan majalisa ba su shafa ba. A watan Yuli na 1958 suka zartar da dokar tsare mutum har shekara 5 ba tuhuma, ba shari'a. A 1961 Lauya J. B. Danquah ya kai ƙarar Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Sarkin Asante, da wasu mutum 7 gaban Kotun Ƙoli, kotu ta ce majalisa tana da ikon yin abin da ta yi. Kafin shekarar ta ƙare shi kansa lauyan yana tsare. An sake shi a 1962, aka sake kama shi a 1964, ya mutu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairu, 1965.

Kada wani ya ce muna jifan ɓangare ɗaya. Sojojin da suka hamɓarar da Nkrumah a 1966 sun buɗe ƙofofin kurkuku, sa'an nan suka cika ɗakunan da mutanensa. Umurnin korar baƙi na gwamnatin Busia a 1969 kuwa, babu zangon da bai ji a jikinsa ba. A 1982 gwamnatin PNDC ta kafa tata dokar tsarewa, kuma a ƙarshen Yuni na wannan shekara aka sace alƙalai 3 da wani tsohon hafsan soja aka kashe su.

Sai da aka shekara fiye da 40 da korar su Alhaji Amadu Baba kafin majalisa ta waiwayi wannan tarihi. A ƙarshen 2001 ta zartar da dokar kafa Hukumar Sasantawa ta Ƙasa, Shugaba Kufuor ya sa hannu a farkon 2002. Ko a nan ma an kai ruwa rana. Masu rinjaye suna so a fi mai da hankali kan zamanin soja, 'yan adawa na NDC suka ce ai wannan farautar Rawlings ce. Daga bisani aka bar ƙofa a buɗe ga duk wanda aka zalunta tun daga 6 ga Maris, 1957 har zuwa 6 ga Janairu, 1993. Mu a ganinmu wannan ƙofa ita ce mafi daraja a cikin dokar, domin ita ta shigo da laifin farar hula, har da na majalisar kanta.

Hukumar, ƙarƙashin Mai Shari'a Amua-Sekyi, ta fara sauraron jama'a a Janairun 2003 a tsohon zauren majalisa da ke Ankara, wato ginin da aka ɗaga hannu aka amince da dokar 1958. Mutum fiye da 4,000 suka kai kokensu. 'Yan kasuwa mata suka faɗi yadda aka yi musu bulala aka ƙwace kayansu, tsofaffin fursunoni suka nuna tabo. Rawlings da kansa ya bayyana a 2004, a shekarar kuma aka miƙa rahoto, daga baya aka biya wasu diyya, kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A aji, idan muka zo kan tsarin mulkin 1992, mukan sa yara su haddace sashe na 14: wanda aka kama, a kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Mukan kuma nuna musu shafukan ƙarshe, inda aka rubuta cewa ba za a gurfanar da waɗanda suka yi juyin mulki a kan abin da suka aikata ba, aka kuma hana majalisa taɓa wannan sashe. Shi ya sa hukumar ta ji, ta rubuta, amma ba ta da ikon ɗaure kowa.