Abincin Ƙetare: Daga Illela Zuwa Birnin Ƙonni

Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato da kimanin mil 50 da 'yan kai, a kan hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa. Nan ne iyakar ƙasarmu ta wannan fuska. Wanda ya wuce shingen kwastan, kafin ya gama gyara zama cikin mota ya isa Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwar Illela tana ci ran Lahadi, ta Ƙonni kuwa ran Laraba, kuma kusan mutanen da suka ci waccan su ne ke cin wannan. Duk da haka akwai malamai da akawuna da yawa waɗanda aka kai Illela aiki, suka yi shekara biyu ko uku, har aka canja su ba su taɓa leƙa ƙetare ba. In ka tambaye su sai su ce ai can ƙasar Faransi ce, ba su jin harshen. Wannan uzuri ba shi da ƙarfi, gama da Hausa ake ciniki a Ƙonni tun daga tasha har rumfar mai nama.

Rangadin makarantu ya kai ni Illela, na sami Laraba guda babu aiki, na ƙetara tare da wani malami ɗan garin. Wannan shi ne zuwana na farko, kuma abinci na je nema, ba wani abu ba.

Abin da baƙo zai fara cin karo da shi, tun kafin ya kai loma baki, shi ne lissafin kuɗi. Kuɗinsu sefa ne, amma ba da sefa suke ƙirga ba, da dala suke yi, watau sefa 5. Kadan mai shayi ya ce maka dala ashirin, to, sefa 100 yake nufi. Sefa 1,000 kuwa jika ake ce mata. Na so ƙwarai a ce malaman lissafi na aji huɗu sun ga yadda yarinya mai tallar gyaɗa take ninka biyar cikin kai, ta juya zuwa naira, ta ba ka canji, ba allo ba alli. Akwai 'yan canji ta ko wane gefe na iyaka, kuma yawancin masu abinci suna karɓar naira, sai dai wanda ya canja tun a Illela ya fi samun sauƙin ciniki.

Da hantsi teburin mai shayi ya kamata a nufa. Teburi ne irin namu, da benci da gwangwanayen madara a jere, amma burodin dabam yake. Dogo ne siriri kamar kulki, bayansa da ƙarfi yana ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa laushi da huhu, kuma ba sukari a cikinsa. Wannan shi ne gadon Faransa na sosai. Ana tsaga shi a tsaye, a zuba soyayyen ƙwai da albasa, a naɗe a takarda. Mu da muka saba da burodi mai zaƙi mai nauyi, lomar farko sai mu ji kamar an manta da wani abu. Kafin a kai rabi, sai mutum ya gane cewa shi wannan an yi shi ne don ya ɗauki ɗanɗanon abin da aka sa masa. Aibinsa guda ne: ba ya kwana. Wanda ya saye shi tsaraba ya kai Sakkwato washegari, sanda ya kai wa iyali.

Ban da burodi da kofi da 'yan kalmomi irin su lakwal, watau makaranta, da mushe, watau malaminta, sauran abin da na gani a akushi namu ne. Ga hura, yadda suke faɗi kamar Sakkwatawa, ta gero tsantsa da nonon Fulani. Ga dambu da zogale da ƙuli da man gyaɗa. Ga tuwon gero da miyar kuka. A wurin nama ne suka ɗan sha gabanmu, wannan ra'ayina ne, mahautan Sakkwato su yi haƙuri. Ragon arewa, wanda ya yi kiwo a fili mai gishiri, namansa yana da ƙanshi na kansa, kuma mai balangu ba ya dulmuyar da shi cikin mai. Ya gasa a hankali, ya yayyanka, ya barbaɗa yaji, ya tula albasa, sa'an nan ya ɗiga wani abu rawaya mai hawa hanci a gefe, wanda suke kira mutar. Shi ma daga Faransa ya zo, amma ya zauna da balangu kamar tare aka haife su.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin Buzaye, masu saukowa daga wajen Tawa da Agadas. Shayinsu ba na gaggawa ba ne. Ganye ne kore da ake kawowa daga ƙasar Sin, a dafa cikin 'yar buta a kan gawayi, a riƙa ɗaga hannu sama ana tsiyaya shi daga buta zuwa finjali har ya yi kumfa. Sau uku ake zubawa daga ganye guda. Na fari ɗaci kamar maɗaci, na biyu ya sassauta, na uku kuwa kusan ruwan sukari ne. Ladabin wurin shi ne baƙo ya zauna har na ukun. Tare da shi aka miƙo mana dabino da cuku, watau nono da aka daskarar aka shanya ya zama falle-falle kamar takarda mai kauri. Yana wata da watanni bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin masu raƙuma. Ana ci haka nan da shayi, ana kuma daka shi cikin fura. Ni dai da furar na fi son sa.

Mai karatu zai tambaya, in abinci ɗaya ne, harshe ɗaya, me ya raba garuruwan nan biyu? Alƙalami ne ya raba su. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 an zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni tana ciki, watau a takarda ɓangaren Ingilishi ta faɗa. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa birnin, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Daga baya Faransawa suka koka cewa da'irar ta hana su hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake shiri a 1904 da 1906, Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Yaranmu suna haddace sunayen kogunan Turai, amma kaɗan ne cikinsu za su iya ba da wannan labari, alhali kuwa kakannin waɗansunsu a can suke kwance.

Iyakar nan kuwa takan ciji talaka. An rufe ta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024. Ko wane karo masu abinci na gefe biyu ne suka fara ji a jikinsu, gama mai tuwon tasha ba ta da ciniki in mota ba ta tsaya ba. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka wanda zai je ya riƙe takardar shaidarsa, ya kuma tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya tashi.

Saura albasa. Wadda aka tula mini a kan nama ja ce mai ruwan shuni, irin wadda sunan Galmi ya tafi da ita har bakin teku. Ita da tumatir da kabejin kasuwar Ƙonni, da yawansu ruwan kwarin Magiya suke sha, wanda aka datse a Mozage da Zango don noman rani. Wannan ruwa shi ne dā yake gangarowa ya cika tafkin Kalmalo na ƙasar Illela, inda masunta da masu lambu suke ci. Tun da aka datse shi tafkin ya ja baya ƙwarai. Gwamnatocin biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kwaruruka huɗu da suka ratsa iyaka, Magiya tana cikinsu. Malamin da ya raka ni mutumin wajen Kalmalo ne. Ya ci naman nan da albasarsa tas, sa'an nan ya ce mini mahaifinsa masunci ne, shi kuwa ko taru bai iya jefawa ba.