Zane Tsakanin Likita da Mahajjaci a Arfa

A ranar 9 ga Zul-Hajji mahajjata ke taruwa a filin Arfa, kuma wanda tsayuwar ta kuɓuce masa ba shi da Hajji. A wannan yini ne asibitocin wurin, irin su na Namira da na Dutsen Rahama, ke cika da marasa lafiya. Sau da yawa likitan Balarabe ne, majinyacin kuwa tsoho ne daga Katsina ko Maraɗi wanda Hausa kaɗai yake ji. Idan babu tafinta, sai zane ya yi magana.

Babban abin tsoro a nan shi ne zafi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, yayin da zafi a Makka ya haura digiri 51. Don haka ake yawan ganin zanen mutum riƙe da laima ko yana shan ruwa. Irin wannan zane yana aiki ne domin abu guda yake nunawa, kuma abin da mutum zai iya aikatawa nan take.

Sai dai ba kowane ido ne ke karanta zane iri ɗaya ba. Binciken Ros Dowse a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ya nuna cewa marasa zurfin karatu sun fi gane zanen magani da aka tsara tare da mutanen yankinsu a kan wanda aka kawo daga Amurka. Rana da wata a jikin kwalin magani na nufin safe da dare, amma Bahaushe na iya ɗaukar jinjirin wata a matsayin wata guda.

Akwai kuma batun fargaba. Hoton zuciya a buɗe, da jijiyoyi ja wur, darasi ne ga ɗalibin likitanci. Ga dattijon da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera kuwa, barazana ce. Yana iya ɓoye ciwonsa don kada a kwantar da shi ya rasa tsayuwa. Alhali kuwa kowace shekara ana ɗauko majinyata daga asibitocin Makka da Madina cikin motocin asibiti a kai su Arfa. Da a ce zanen wannan mota ne ya fara gani a sansanin alhazai tun kafin tashi, da wataƙila bai yi shiru ba.