Warin Numfashi da Na'urar Auna Shi

Yau maganarmu a kan wani wari ne da kan fito daga bakin mutum, mai kama da na 'ya'yan itacen da suka nuna suka zarce.

Ga asalinsa. Jikinka yana samun ƙarfi daga tuwo da fura da shinkafa da doya, gama ciki yakan mai da su sukari. In waɗannan suka yanke, sai jiki ya koma cin kitsensa. Hanta ce ke wannan aiki, tana fid da wasu abubuwa da likitoci ke kira keton. Ɗaya daga cikinsu ta huhu yake fita, shi ne warin da ake ji.

A shekarar 1921 wani likita a Amurka, Russell Wilder, ya tsara abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin hatsi saboda masu farfaɗiya. Yanzu waɗansu suna binsa don rage ƙiba, har sukan sayi 'yar na'ura da ake busawa ta nuna lamba.

To, in kana da ita, ka saurara. A na'urar da ke auna kashi cikin miliyan, mai cin abinci yadda aka saba ba ya cika wuce 2 ba. Mai bin abincin maiƙon nan kuwa yakan haura, wani har 40. Amma kowane kamfani da nasa ma'auni, sai ka duba takardar da ta zo da ita. Ka busa har ƙarshen numfashi, domin iskar ƙarshe ita ke faɗin gaskiya. Ka riƙa aunawa lokaci ɗaya kullum, kafin ka goge baki da magani. Barasa tana ruɗa ta ƙwarai. Lambar rana ɗaya ba abin tada hankali ba ce, ta mako guda za ka duba.

Duk wannan ga mai lafiya ne. Mai ciwon sukari zancensa dabam. In insulin ya gaza a jikinsa, keton yakan taru ba iyaka har jini ya yi tsami, yana kuwa iya kisa in an yi jinkiri. Idan ka ji warin nan a bakinsa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga amai da ciwon ciki, yana jan numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu, kada ka tsaya busa na'ura, ba a dogara da ita a nan. Jini ko fitsari ake aunawa. Keton na jini in ya kai 3.0, sai asibiti nan take, ko da dare ne.

Kada ya bar allurarsa wai don bai ci kome ba, wannan kuskure ne da ake yawan yi. In yana cikin hankalinsa, ku riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a hanya. Mai ciwon sukari, da mai ciki, da mai shayarwa, kada su fara abincin maiƙon nan sai sun ga likita tukuna.