Daga Babura Zuwa Dutsen Habude: Ladabin Kallon Zane

Mutumin Babura, ko na Roni da Gwiwa, wanda Allah ya ɗora wa sha'awar kallon zane, ba shi da makawa sai ya ɗaura niyyar tafiya, gama taskokin da hukuma ta tanada domin jama'a su shiga su ba idanunsu abinci suna can manyan birane. Amma kada nisan nan ya sa shi zaton cewa shi baƙo ne a wannan fanni, domin duk wanda ya taɓa riƙe allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, ya bi layukansa ja da kore da ɗorawa yadda suka sarƙe da juna ba tare da ɗaya ya ɓata wa ɗaya hanya ba, haƙiƙa idonsa ya riga ya yi karatu.

Daga cikin taskokin nan mafi kusa akwai Gidan Makama a Kano, daura da fadar Sarki, wanda tarihi ke danganta gininsa da Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A can akwai ƙyamaren ƙofofin birni na dā, da hotunan zuwan Turawa a 1903, ga kuma adon magina a jikin bango. Aibin yawancin maziyarta shi ne gaggawa: su ratsa ɗaki bayan ɗaki, su ɗauki hoto da waya, su fito ba su tsaya a gaban abu guda ba gwargwadon karatun Fatiha. Wanda kuwa ya zarce Zariya, zai tarar da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, magajin kwalejin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a cikinta a 1958, suna neman su gauraya abin da Bature ya koya musu da fasahar iyayensu.

Ni dai, in za a tambaye ni zanen da ya fi kwanta mini a rai, ba a cikin ɗaki yake ba, yana Birnin Kudu, kudancin jiharmu ta Jigawa, a ƙarƙashin rumfunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda wasu mutane da ba su bar suna ba suka zana shanu da jan launi da fari. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya bayyana wa masana labarinsu a shekarun 1950, kuma yanzu suna cikin kayan tarihi da gwamnatin tarayya ke kiyayewa.

A nan ne ɗan ƙauye ke fin ɗan boko, domin wanda ya tashi yana ganin shanu a kasuwar Babura ko ta Maigatari, da zarar ya natsu a gaban dutsen, ya bi ƙahonin nan dogaye da ido, ya gangaro wuya zuwa gadon baya, zai ji wani abu ya ɓace, sa'an nan ya farga cewa shanun ba su da tozo, alhali kuwa bunaji da rahaji da ke kiwo a ƙasarmu yau duka masu tozo ne. Wannan rashi kaɗai hujja ce cewa mai zanen ya rayu tare da wani irin shanu dabam, ya san su sani na makiyayi, har hannunsa bai yi kuskuren inda ciki ke sauka ko inda ƙafa ke lanƙwasa ba. Kusa da zanen akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su da dutse, jikinsu duk ramuka saboda daɗewar bugu, kuma Fagg ya yi zaton kiɗan da zanen hidima ɗaya suke yi wa mutanen wancan zamani.